Filin Tambaya da Amsa: Wai Cat Stevens shi ne Yusuf Islam?

TAMBAYA: Salam Malam, da fatan kana lafiya. Tun ina yaro nake jin muryar Yusuf Islam a waƙar A Is for Allah, to kwanan nan wani abokina yake ce min wai da can shahararren mawaƙin Turawa ne mai suna Cat Stevens, har ya kunna min wata waƙa Father and Son a YouTube, wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Da gaske shi ne? Kuma in mutum zai saurari tsofaffin faifansa daga ina ya kamata ya fara?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, abokinka bai yi maka ƙarya ba, shi ɗin ne dai. Sunansa na yanka Steven Demetre Georgiou, an haife shi a Landan ranar 21 ga Yuli 1948, mahaifinsa Bagirke ne ɗan tsibirin Saifurus, mahaifiyarsa kuma 'yar Suwidin, suna da gidan abinci a titin Shaftesbury, unguwar da gidajen wasan kwaikwayo suka yi yawa, to ka ga tun yana ƙarami kunnensa ya saba da kiɗa. Faifansa na farko Matthew and Son ya fito a 1967 yana ɗan shekara 18, kuma a wannan shekarar ce P. P. Arnold ta rera waƙar da ya rubuta The First Cut Is the Deepest, wadda Rod Stewart da Sheryl Crow suka sake rerawa daga baya, mutane da yawa har yau ba su san shi ya rubuta ta ba.

Amma ni dai in ka bi ta tawa kar ka fara da waɗancan na farkon, lokacin yaro ne da kamfani ya cika masa waƙa da kiɗan ƙaho da goge don ya yi kasuwa. Abin da ya canza shi tarin fuka ne, ya kama shi a ƙarshen shekarun 1960 har ya kusa tafiya da shi, ya sha kwanciya a asibiti sannan ya daɗe yana jinya a gida, a nan ne ya fara karance-karancen addinai yana tambayar kansa me ya kawo shi duniya, ya rubuta tarin waƙoƙi. Da ya miƙe sai ya koma kamfanin Island Records, ya haɗu da furodusa Paul Samwell-Smith da makaɗin jita Alun Davies, suka kwashe duk wannan hayaniyar suka bar jitar katako da fiyano da murya, ganga kaɗan-kaɗan. Salon da ake kira fok-rok kenan, waƙar gargajiyar Turawa da aka gauraya da kiɗan rok.

Fara da Tea for the Tillerman na 1970, daga waƙar farko har ta ƙarshe, kar ka tsallake ko ɗaya. Nan Father and Son ɗin da ta sanyaya maka jiki take, kuma ka ƙara saurara da kyau, shi kaɗai ne yake yin uban da ɗan, in uban zai yi magana sai ya sauke murya ƙasa cikin natsuwa yana cewa yaro ya zauna ya bi a hankali ya yi aure, in ɗan zai amsa sai muryar ta hau sama kamar zai yi kuka domin shi ya riga ya ƙudura tafiya. Abin da yake burge ni a waƙar nan shi ne bai ba kowa rashin gaskiya ba, uban ba mugu ba ne ɗan ma ba fitsararre ba ne, kowa son ɗan'uwansa yake amma ba sa jin juna, shi ya sa wanda ya so ta yana saurayi yana goyon bayan ɗan in ya haihu sai ya tsinci kansa a gefen uban. Asali ma don wani wasan kwaikwayo a kan juyin juya halin Rasha ya rubuta ta, wasan bai yiwu ba waƙar ta rayu. A faifan akwai Wild World da Where Do the Children Play, wadda tun a 1970 take kukan yadda gine-gine da tituna suke cinye filin wasan yara, sai kuma On the Road to Find Out da Miles from Nowhere, waɗannan biyun kam in ka ji su za ka gane mutumin nan neman Ubangiji yake tun kafin ya san inda zai same shi.

Bayan shi ka ɗauko Teaser and the Firecat na 1971 mai ɗauke da Peace Train da Moonshadow da Morning Has Broken, ita ta ƙarshen ba shi ya rubuta ba, tsohuwar waƙar coci ce ta Eleanor Farjeon, Rick Wakeman ne ya kaɗa fiyanon. Zanen da ke bangon faifan nan biyu ma shi ya zana da hannunsa, da ma ya ɗan taɓa makarantar zane. Sai Catch Bull at Four na 1972 wanda ya hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka.

TAMBAYA: Malam ni abin da ya ɗaure min kai, na ji an ce ya bar kiɗa gaba ɗaya bayan ya musulunta, sai kuma ga shi na gan shi da jita a kan dandamali da furfurarsa. Ya abin yake ne? Daga wata ƙanwarka mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Ƙanwata duka biyun sun faru. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin yadda ya kusa nutsewa a teku a Malibu ta jihar Kalifoniya a tsakiyar shekarun 1970, ya roƙi Allah in ya tsira zai yi masa aiki, igiyar ruwa ta turo shi gaɓa, daga baya yayansa David ya kawo masa fassarar Alƙur'ani tsaraba daga Kudus. Ya karɓi shahada a Disambar 1977 a babban masallacin Landan, ya ɗauki sunan Yusuf Islam a 1978, a shekarar ya fitar da Back to Earth ya sallami kamfani, daga baya ya yi gwanjon jitocinsa aka ba da kuɗin sadaka, kuma fa wannan mutum ne da yake tsakiyar ganiyarsa ba wai kasuwa ce ta gudu ta bar shi ba. Ya buɗe makarantar firamare ta Islamia a Landan a 1983, wadda a 1998 ta shiga sahun makarantun Musulmi na farko da gwamnatin Birtaniya ta fara ɗaukar nauyinsu, yana kuma cikin waɗanda suka kafa Muslim Aid a 1985. A shekarun 1990 ya dawo situdiyo amma da murya da ganga kawai, The Life of the Last Prophet a 1995, sai A Is for Allah a 2000.

Hanyar ba ta zo masa da sauƙi ba. A 1989 kalamansa kan rikicin Salman Rushdie, marubucin da aka yi fatawar kashe shi saboda littafinsa The Satanic Verses, sun jawo masa baƙin jini sosai a ƙasashen Yamma har wasu gidajen rediyo suka daina sa waƙoƙinsa, shi kuma ya yi ta nanata cewa bai goyi bayan a kashe kowa ba. A 2004 aka karkatar da jirgin da yake ciki zuwa Bangor a jihar Maine aka hana shi shiga Amurka.

Batun jita kuwa, ɗansa ne ya shigo da ita gida, ya ɗauka ya taɓa, daga nan ya sake nazarin maganganun malamai ya gamsu da ɓangaren da ke ganin akwai sauƙi in saƙon mai kyau ne, ya fitar da An Other Cup a 2006, shekara 28 bayan Back to Earth. Wasu Musulmi sun ji haushi, wasu sun yi murna. Hukuncin kiɗa dai na malamai ne su za ki tambaya, amma abin da zan iya ce miki a matsayin wanda ya saurari faifan nan ɗaya bayan ɗaya shi ne ban yarda da masu raba shi gida biyu ba, wai akwai Cat na kirki da Yusuf ya kashe, ko kuma Cat ɓatacce da bai kamata a ambata ba. Tambayoyin da yake yi a waƙoƙin 1970 su ne suka kai shi masallacin nan a 1977, duk wanda ya cire rabi ɗaya ba zai fahimci ɗayan ba. Shi kansa yanzu sunayen biyu yake haɗawa a bangon faifansa.

TAMBAYA: Ni tsohon masoyinsa ne tun zamanin garmaho, kuma a ganina sababbin ba su kama ƙafar tsofaffin ba. Ko ina da gaskiya?

AMSA: Baba kana da gaskiya rabi. Ba na jin akwai wani faifai nasa na baya-bayan nan da ya kai Tea for the Tillerman, muryar ma ta yi ƙasa, shekaru ba wasa ba. Amma don Allah ka ba Roadsinger na 2009 dama, shi ya fi kusa da tsohon salon, jita da murya ba tarkace, The Laughing Apple na 2017 kuma ya dawo da Samwell-Smith da Alun Davies har aka sa shi a takarar Grammy, babbar lambar yabo ta waƙa a Amurka. An shigar da shi Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama gwarazan kiɗan rok, a 2014, a 2023 ya fitar da King of a Land ya kuma yi wasa a bikin kiɗa na Glastonbury a Ingila gaban dubban matasa da ba a haife su ba lokacin da ya ajiye jita. Sannan akwai abu ɗaya da nake so ka nema, a 2020 da Tillerman ya cika shekara 50 ya sake rera faifan gaba ɗaya, a Father and Son sai aka ɗauko muryarsa ta 1970 daga wani wasa da ya yi a kulob ɗin Troubadour na Los Angeles ta zama ɗan, shi kuma da furfurarsa ya rera baitin uban. Ka saurare ta Baba, sannan ka sake rubuto mana mu ji ko har yanzu kana kan bakanka.