Amsa: Zaga Alƙahira da ɗan guzuri

Malam, ka tambaya ko kwana uku za su ishe ka ganin tsohuwar Alƙahira ba tare da aljihu ya ji jiki ba. Za su isa, in ka kama masauki kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, wajen Ataba ko Tahrir.

Fara da abin da ba a biya: Masallacin Azhar da aka buɗe a 972, Masallacin Husaini, kasuwar Khan Khalili, sai titin Mu'izz har Babul Futuh (tsohuwar ƙofar gari), duk a ƙafa. Shiga wasu gine-ginen titin ne ke da tikiti.

Dalar Giza, wato kaburburan Fir'aunoni, ce mai cin kuɗi. Hau layi na 2 na jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Giza, ka ƙarasa a ƙaramar bas. Riƙe katin banki, don yanzu da kati ake sayen tikitin shiga wajen dalar. Ɗalibi mai katin ISIC (katin shaidar ɗalibi na ƙasa da ƙasa) rabi yake biya. Masu raƙuma kuwa, kada ka hau sai kun yanke farashi, har da na saukowa, nan ake yi wa baƙi wayo.

Abinci, koshari (haɗin shinkafa da taliya) da ful (dafaffen wake) sun wadatar. Ka sayi ruwan gora babba a kanti, a bakin dala tsada gare shi.