Gidan bulo: ƙirga buhu kafin ka ƙara inji

Tambaya: Ina da shagon atamfa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Bara na buɗe gidan bulo a Rigasa, na ɗora ƙanen matata a kai. Kullum mota na lodi, amma har yau daga shago nake cire kuɗin siminti. In ƙara inji na biyu?

Amsa: Alhaji, ajiye maganar inji na biyu. Randar da ke yoyo ba a ƙara mata ruwa.

In mai haya ya ce gidan bulo, yana nufin gidan da ba na ƙasa ba. In magini ya faɗa, wurin buga bulo yake nufi, wanda 'yan jarida ke kira masana'antar bulo. Kuma magini ba ya cewa bulo kawai, sai "bulon gidan wane". Sunanka ke bin motar nan duk inda ta je, kai kuwa ba ka san buhu nawa aka fasa jiya ba.

Ba na ce surukinka ɓarawo ne ba. Matsalar ita ce ko yana ci ko ba ya ci, ba ka da hanyar sani, ga kunya ta hana ka tambaya.

Ga lissafin. Buhun siminti mai kilo 50, in ana son bulo mai ƙwari, yana ba da kamar 30 na inci 9. Buhu 10, bulo 300. In aka ce an fasa 10 amma ka tarar da 240 a fili, buhu 2 sun bi wata hanya. A kwana 26 na aiki buhu 52 ke nan. In kuma ka tarar da 450, kada ka yi murna. An cika yashi ne, bulon zai riƙa marmashewa wajen lodi, magina su juya maka baya.

Sayi littafi, kowace yamma a rubuta buhun da aka fasa, bulon da aka buga, wanda ya fashe, wanda ya fita da sunan mai saye. Mai riƙe makullin sito daban, mai karɓar kuɗi daban, ciniki kuma ya shiga asusun gidan bulon, ba na shago ba. Ranar Asabar ka je da ƙafarka ka ƙirga buhunan da aka zazzage.

Duba ban ruwa ma. Safe da yamma, aƙalla kwana 7, musamman da hunturu da iska ke busar da bulo tun bai kama ba. Yashi kuwa, ɗebi kaɗan daga kowace tifa ka kaɗa a kwalbar ruwa. In laka ta kwanta da kauri a sama, mayar musu da kayansu.

Bashin 'yan kwangila, "sai an biya mu", a dakatar da shi. Yi wata 3 a haka, ka kawo littafin mu duba ko injin farko ma yana ciyar da kansa.