Hukuncin karanta labarin mutanen da aka kwafa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a jami'ar KNUST da ke Kumasi a Ghana, gidanmu na unguwar Aboabo. An ba mu wani ƙagaggen labari na Turanci, a ciki an kwafi mutane a ɗakin gwaji, wato an samar da su daga ƙwayar halittar jikin wasu mutane, ana rainon su don a riƙa cire musu ƙoda da hanta ana dasa wa wasu. Kawuna ya tsinci littafin a kan sallayata, ya ce ƙarya ce kuma gasa ce da Allah, in fitar masa da shi daga gida. Ga shi an ce mu rubuta ko waɗannan mutane suna da ruhi. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki karanta, halal ne. Ƙaryar da aka haramta ita ce wadda ake yaudarar mutum da ita, ke kuwa kin san ƙage ne tun daga bango. A zaurukanmu na Zango an daɗe ana karanta Maƙamatul Hariri, littafin ƙagaggun labarai na Larabci, alhali Abu Zaid Assaruji da ke zuba dabara a cikinta ba rahoton gaskiya ba ne, kuma ban ji malamin da ya rufe littafin don haka ba. Huzaifa, Allah ya ƙara masa yarda, ya ce mutane na tambayar Annabi (SAW) alheri, shi kuwa yana tambayar sharri don kada ya riske shi.

Kawunki bai yi kuskure gaba ɗaya ba. A 1996 aka haifi tunkiya Dolly a cibiyar Roslin ta Sikotilan, daga ƙwayar halittar da aka ɗebo a hantsar wata tunkiya. Sai da aka haɗa ƙwai 277 kafin ɗaya ta rayu, kuma duk kayan aikin Allah ne ya halitta, don haka kwafi ne ba halitta ba. A 1997 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda, ta haramta yi wa ɗan Adam haka, ta halatta a dabbobi da tsirrai bisa sharuɗɗa. Babban dalili shi ne nasaba. Wanda aka kwafo daga jikin mutum, ɗansa ne ko ɗan tagwaicinsa? Ranar rabon gado a ina za a zaunar da shi?

Amma haramcin aikin daban, darajar wanda aka haifa daban, kuma nan nake so ki tsaya a rubutunki. Matar Gamidiyya da ta zo da cikin zina, Annabi (SAW) bai tsayar mata da haddi ba sai da ta haihu ta yaye. Laifin uwa bai taɓa jaririn ba. To da a ce an kwafi mutum ya rayu, yana jin yunwa yana jin tsoro, ɗan Adam ne, ayar karramawa ta Suratul Isra'i ta haɗa da shi. A yi masa suna, in ya mutu a sallace shi, cire masa hanta kuwa kisan kai ne. Haƙiƙanin ruhi kada ki kutsa, ki ce al'amarin Ubangiji ne, mu da zahiri muke hukunci.

In kin ci karo da batsa ki tsallake. Littafin kuma ki ɗauke shi daga kan sallaya, ki lallaɓa kawunki bayan la'asar ki karanta masa wannan amsa. Allah ne mafi sani.