Amsa ga Ummi kan takardar Honors da aka aiko mata

Assalamu alaikum, Ummi. Ina fata kina lafiya, ke da Abbanki da Mamanki da ƙannenki duka. Saƙonki ya iso tun ranar Talata, na jinkirta ne don maganar ba ta layi biyu ba ce. Barka da arziki, Allah Ya sanya albarka.

Kin ce bayan jami'ar Amurka ta ba ki gurbin karatun injiniya, sai ga wata takarda ana gayyatarki shiga Honors College. Abbanki ya ce bai ga abin gayyata a nan ba, tunda shi ma digirinsa na Zariya akwai Hons a jikinsa, kuma yana tsoron kada abin ya ƙara miki shekara, shi kuma ya ƙara masa kuɗin makaranta. Kina tambaya mece ce al'adarsu a kan wannan, kuma kwasa-kwasan za su shiga lissafin digiri ne ko kaya ne a kan kaya.

Abbanki ya yi gaskiya a kan nasa digirin, suna ne kawai ya zo ɗaya. Namu gadon Ingila ne: kowa ya yi shekarunsa, ya rubuta projet, sai maki ya raba mutane, mai 4.50 zuwa sama cikin 5.00 ya fita da daraja ta ɗaya. A ƙarshe ake sanin wannan. Na Amurka kuwa ƙofa ce da ake shiga tun daga farko. Wanda ya yaɗa tsarin sunansa Frank Aydelotte. Ya yi karatu a Oxford da tallafin Rhodes, ya ga yadda malami ke zama da ɗalibai kaɗan yana bin karatunsu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zama shugaban Kwalejin Swarthmore sai ya kafa irinsa a 1922, har yana ɗauko malaman wasu jami'o'i su zo su yi wa ɗalibansa jarrabawa. Daga baya manyan jami'o'in jihohi masu dubban ɗalibai suka ɗauka, Jami'ar Oregon ta buɗe tata kwalejin a 1960. Ƙaramar makaranta ce a cikin babba.

To, ga lissafin da ya dami Abbanki. Digirin farko a yawancin jami'o'insu kiredit 120 ne, wato kamar 15 a kowane zango har zango takwas, na injiniya yakan ɗan haura haka. Kiredit shi ne abin da muke kira yunit. A cikin wannan adadi akwai kwasa-kwasan fanninki, akwai na gama-gari da ake tilasta wa kowa, irin GSP na Bayero ko GENS na Zariya sai dai nasu sun fi yawa nesa ba kusa ba, sannan akwai 'yan kaɗan da aka bar miki ki zaɓa da kanki. Yadda aka gina tsarin Honors, kwasa-kwasansa a cikin waɗannan 120 ɗin suke zama. Kwas ɗaya ya biya bashi biyu, na digiri da na Honors.

Ga misali. Dole ki yi lissafin Calculus da kimiyyar sinadarai a shekarar farko. Ajin kowa da kowa babban ɗakin lakca ne, ɗalibai ɗari biyu ko uku, farfesa yana can ƙasa da makirfon, bai san sunan kowa ba. Kwas ɗin nan dai yana da ajin Honors, sau da yawa lambarsa ɗaya sai harafin H da aka liƙa a ƙarshe, ɗalibai wajen ashirin. Kiredit ɗinsu ɗaya, gurbin da suke cikewa ɗaya. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, duk inda kika same ta ki kama.

Akwai kuma kwasa-kwasan da kwalejin ta ƙirƙira na kanta, na karatu da muhawara da rubutu. A Barrett, kwalejin Honors ta Jami'ar Jihar Arizona, sabon ɗalibi yana yin wani kwas na zango biyu mai suna The Human Event, kuma kafin ya gama ana son kiredit 36 na Honors, da makin GPA 3.25 cikin 4.00, da kundin bincike. Schreyer ta Penn State tana son 3.40. Na kawo su ne don ki ga kowace jami'a da nata ma'aunin, taki ma sai kin karanta littafin dokokinta na shekarar da kika shiga. Idan kika kai shekara ta uku, inda kwasa-kwasan fanni ba su da ajin Honors, sai a yi yarjejeniya: ki je wurin malamin, ku rubuta ƙarin aikin da za ki yi, ya sa hannu, a ƙirga miki kwas ɗin. Akwai ranar rufe karɓar takardar, a farkon zango take, kada ki yi sake.

Yanzu ki saurare ni da kyau, don nan ne ramin yake. Ba kowane kwas na Honors ne ke cike gurbin gama-gari ba. Wasu sai dai su faɗa cikin na zaɓi, kuma ɗalibin injiniya ba shi da zaɓi da yawa, an riga an jera masa kwasa-kwasansa kamar tsani, wannan sai an ci wancan. Lokacin da nake koyarwa a can na san wani yaro ɗan wajenmu, haziƙi ne ƙwarai, mai son karatu. Ya ɗauki irin waɗannan azuzuwa har uku don suna masa daɗi, a kan haka ya ɗage wani kwas na fanninsa da sau ɗaya ake bayarwa a shekara. Mai ba shi shawara a Honors ya ce masa yana kan hanya, kuma gaskiya ya faɗa, nasa ɓangaren yake dubawa. Babu wanda ya haɗa takardun biyu wuri ɗaya. Sai da ya kai shekarar ƙarshe aka gano, ya ƙara zango guda, mahaifinsa ya sayar da fili. Har yau abin yana mini ciwo, don yaron yana zuwa gidana cin tuwo kusan kowace Asabar, ban taɓa cewa ya kawo takardunsa in gani ba.

Saboda haka za ki sami masu ba da shawara biyu, na sashenki da na Honors, kamar kodinetan aji a wurinmu. Kafin ki yi rajistar kowane kwas ki tambaya: wane gurbi yake cikewa a digirina? Jami'o'in suna da shafi a kwamfuta da ke nuna abin da kika biya da abin da ya rage, ki riƙa buɗe shi kowane zango. Duk alkawarin da aka yi miki da baki, ki roƙa a rubuto miki ta imel. A wurinsu wannan ba rashin yarda ba ne, haka kowa ke yi. Ki tambaya tun yanzu ko aikin ƙarshe na injiniya, wanda a rukuni ake yin sa, zai iya zama kundin Honors, don wasu sassan sun yarda, wasu sai an yi biyu. Ki kuma tuna bizar ɗalibi tana son kiredit 12 aƙalla a kowane zango, kada kwas ya yi miki nauyi ki ajiye shi ba tare da kin je ofishin ɗaliban ƙasashen waje ba.

Maganar kuɗi gajera ce. Wasu kwalejojin suna karɓar ƙarin kuɗi a kowane zango, wasu ba sa karɓa, wasu ma tallafi suke bayarwa. Ki tambaya a rubuce, har da ko tallafin yana tafiya idan maki ya sauka. In kika fita daga tsarin a tsakiya, kiredit ɗin da kika ci naki ne. Yawanci kuma ana barin 'yan Honors su riga sauran ɗalibai yin rajista, ga mai karatun injiniya wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ra'ayina ki karɓa. Abin da ya fi lissafin nan muhimmanci a wurina shi ne zaman ajin. Ya yi kama da karatun zaure da kakanki ya yi, malami ya san ɗalibinsa, ya san inda ya tsaya jiya. Bambancin shi ne a zaure kina biyawa ne kina saurare, a can kuwa ana ba da maki a kan magana. Na san tarbiyyarki, na san za ki sunkuyar da kai idan babba yana magana, kuma ina alfahari da hakan. Amma a ajin nan shirunki za a ɗauke shi ba ki yi karatun ba. Idan kin ga malami bai yi daidai ba, ki faɗa cikin ladabi, ki kawo hujja daga shafin littafin, zai ji daɗi. Za a iya sa ki karanta rubuce-rubucen Girkawa na da, da na addinai daban-daban. Ki karanta don ki san abin da suka ce, abin da ya shige miki duhu ki kawo mu tattauna. Kowane malami yana da sa'o'in da yake zama a ofis don ɗalibai, ki riƙa zuwa. A nan za ki sami wanda zai duba kundinki, shi ne kuma zai rubuta miki takardar shaida idan kin tashi neman digiri na biyu.

Ki turo mini takardar gayyatar da jadawalin shekara huɗu na sashenki, in zauna da biro in jera su kafin ki amsa musu. Abbanki kuma ki bar ni da shi, zan kira shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in sha Allah. Ki gaishe mini da Mamanki.

Kawunki.