Amsa ga ɗan ƙanwata game da gadon kamfanin fim a gidan Kapoor

Ɗana, ka tambaye ni ko al'ada ce a Indiya ɗa ya gaji kamfanin shirya fim daga ubansa kamar yadda ake gadon ƙira ko jima a wurinmu, kuma ko tilas ne babban ɗa ya karɓi ragama. Al'adar tana nan, amma ba ta da ƙarfin da kake zato, kuma tarihin gidan Kapoor ya isa shaida.

Prithviraj Kapoor ɗan wasan daɓe ne wanda ya kafa ƙungiyarsa a 1944, sai dai bai ɗora ɗansa Raj a kan kujera ba. Raj ya fara ne da ƙananan ayyuka a wajen wasu masu ba da umarni, yana riƙe allon da ake bugawa kafin kowace ɗauka. Wannan shi ne sashen al'adar da nake girmamawa, domin yaro ya fi jin horo a hannun wanda ba zai ji tausayinsa ba. A 1948 Raj ya kafa R.K. Films, ya fitar da Aag, a 1949 kuma Barsaat ya samu karɓuwa, kuma daga cikinsa aka ɗauko tambarin kamfanin, wato namiji riƙe da goge a hannu guda, mace ta jingina a ɗaya hannun. Duk wanda ya shiga silima a Kano ko Kaduna a zamaninmu ya san hoton nan. Ya gina ɗakin ɗaukar fim a unguwar Chembur ta birnin Bombay, inda a da iyali da ma'aikata ke haɗuwa kowace shekara su yi bukukuwan addininsu tare.

Da yake babu wani babban kamfani a bayansu, asarar fim ɗaya takan shiga har tukunyar gida. Mera Naam Joker na 1970, wanda ya ci shekaru ana aikinsa kuma tsawonsa ya kai kimanin awa huɗu, ya faɗi a kasuwa ya bar Raj cikin bashi. Abin da ya fitar da shi shi ne Bobby na 1973, wanda ya sa ɗansa Rishi ya fito a matsayin jaruminsa, ka ga a nan ɗa ya yi wa uba rana.

Bayan rasuwar Raj a 1988, 'ya'yansa maza uku, Randhir da Rishi da Rajiv, suka riƙe kamfanin tare, kowannensu ya ba da umarnin fim. Randhir, wanda shi ne babba, ya kammala Henna a 1991, fim ɗin da ubansu ya faro tunaninsa. A ganina sun yi biyayya iyakar ƙoƙarinsu, amma haƙurin kwana a ɗakin tace hoto da zuba dukiya a kan labari guda ba ya cikin abin da ake rabawa ranar gado. Fim na ƙarshe da kamfanin ya fitar shi ne Aa Ab Laut Chalen a 1999. Jikoki irin su Karisma da Kareena da Ranbir sun yi suna ƙwarai, amma a fina-finan wasu kamfanoni.

A watan Satumba na 2017 gobara ta cinye babban zauren ɗaukar fim tare da tufafin tsofaffin fina-finan da aka adana a ciki, abin da har yau yake yi mini ciwo. Iyalin suka zauna suka duba, suka ga gyaran ba zai mayar da kuɗinsa ba, sai suka amince baki ɗaya su sayar, kuma a 2019 kamfanin Godrej Properties ya sayi filin domin gina gidaje.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka.

Kawunka.