Amsa: ban iya waƙa ba, zan iya taimakawa a gasar makarantu?

Malama kin ce ba ki iya waƙa ba, ba ki taɓa hawa dandalin wasan kwaikwayo ba, shin za su karɓe ki aikin sa kai a gasar makarantun garinku? Sosai ma, je ki ba da sunanki. Alƙalai ne kaɗai ake nema wa gwaninta, sauran aikin kuwa rajista ne, jera kujeru, kiran yara bi da bi, riƙe agogo, da lallashin wanda ya faɗi yana kuka.

Sharaɗi ɗaya dai, in ƙaninki ko makarantarku na cikin gasar ki faɗa tun farko, kar ki yarda a ba ki agogo ko takardar maki. Ni na taɓa riƙe ƙararrawa a muhawara, minti biyar kowane yaro, na kaɗa wa wata yarinya tana tsakiyar magana, wallahi malaminsu har bakin get ya biyo ni wai son kai na yi don ɗan unguwarmu ne abokin karawarta, alhali ko sunan yaron ban sani ba. Kuma ki ci abinci kafin ki fito, in an ce ƙarfe tara to sai la'asar za ki bar wurin.