Tambaya da Amsa: Ruwan Dogon Yaro Zai Iya Maye Gurbin Maganin Feshi na Kasuwa?

Tambaya: Wani manomin rani daga Madawa ya rubuto cewa yana noma albasa da shu (wato kabeji) da tumatir, kuma kuɗin maganin feshi ya yi masa yawa, ga ciwon kai da yake kama shi duk ranar da ya yi feshi. Ya jiƙa ganyen dogon yaro ya fesa, amma da gari ya waye bai ga ƙwaro ko ɗaya a mace ba. Yana son ya san ko maganin tsirrai yana aiki da gaske.

Amsa: Malam, yana aiki, sai dai ma'aunin da ka auna shi da shi ba nasa ba ne. Maganin kasuwa irin su piya-piya yana kashe ƙwaro nan take, shi ya sa idon manomi ya saba da ganin gawa a ƙarƙashin shuka. Sinadarin da ke cikin dogon yaro, wanda masana ke kira azadiraktin, hanyarsa daban take: yana hana tsutsa cin ganye, yana hana ta saɓa fata ta girma, yana kuma rage ƙwan da uwar ƙwaron ke sakawa. Saboda haka sai bayan kwana uku zuwa mako guda ake ganin amfaninsa, kuma abin dubawa shi ne ko sabon ganyen da ya fito ya tsira daga ɓarna.

Abu na biyu, ƙarfin maganin a cikin ƙwallon ƴaƴan yake, na ganye kaɗan ne. Ka tsinci ƴaƴan da suka nuna suka yi rawaya, ka wanke ɓawon, ka shanya su a inuwa, ka zubar da duk wanda ya yi fumfuna. Ka daka rabin kilo, ka jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, ka tace da ƙyalle mai laushi don kada bakin famfo ya toshe, sannan ka narka ɗan sabulu a ciki domin ruwan ya kama ganye. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai ga albasa da shu, waɗanda ganyensu ke da santsi, ruwa na zamewa a kansa. Ka yi feshin da maraice, domin hasken rana yana lalata sinadarin da sauri, kuma a lokacin ƙudan zuma sun koma. Ka jiƙa ƙarƙashin ganye da tsakiyar shuka, inda ƙananan ƙwarin da ke tsotsar albasa har ta yi fari-fari suke ɓuya. Ka maimaita kowane mako, kuma kada ka ajiye ruwan da ya rage, ka haɗa sabo kowane karo. Mu a jihar Tawa ba mu da uzurin rashin iri, tun da layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don kare gonaki daga iska suna zubar da ƴaƴa kowace shekara, da yawansu kuma a ƙasa suke ruɓewa.

Barkono da tafarnuwa suna korar darɓa da wasu ƙwari masu laushin jiki, kuma ana iya haɗa su da dogon yaro, amma ka kare ido da hanci lokacin feshi. Taba kuwa ba na ba da shawararta, domin gubar da ke cikinta tana shiga jikin mutum ta fata, kuma tana iya kai wa tumatir cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare. Fitowar abu daga tsiro ba ta nufin ba ya cutarwa.

Dole kuma in faɗa maka iyakarsa. Dogon yaro maganin riga-kafi ne, wanda ake fara fesawa tun ƙwari suna kaɗan, tsutsa tana ƙarama. Yana da kyau sosai a kan tsutsar shu, amma tsutsar da ke haƙa cikin ganye da ƴaƴan tumatir, idan ta riga ta cika gona, shi kaɗai ba zai tsayar da ita ba, sai an haɗa da tsinke ganyen da ya kamu a binne shi, da sauya abin da ake shukawa a fangalin. Idan ɓarna ta kai ga sai an sayi magani, ka nemi malamin gona ya nuna maka wanda kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan ƙwari ya amince da shi, ka guji wanda ake ɗurawa a kwalba ba takarda, ka kuma cika kwanakin jira kafin ka cire amfani. Ciwon kan da ka ambata alama ce cewa guba tana shiga jikinka, don haka ka je likita, ka kai kwalbar maganin a gani.

Ka ware fangali biyar ka yi musu feshin ƙwallon dogon yaro kowane mako tun daga dashe, ka bar sauran yadda ka saba, ka rubuta abin da ka kashe a kowane ɓangare, sannan ka gwada su ranar girbi.